Azumin Gwaggo Turai

Washegarin ranar da na sauka a gidan yayana Malam Sani a Kiru, bayan na fita takaba, na tashi na tarar wutar da na binne a toka ta mutu. Matar gidan ta tafi wankan jego garinsu, ban san kowa a unguwar ba, kunya kuma ta hana ni shiga gidan mutane roƙon wuta da sassafe. Ina tsugune gaban murhu ina tona toka da ɗan kara, sai na ji motsi a jikin dangar da ta raba mu da maƙwabta. Hannu ne ya ratso ta wata kafa riƙe da tsingaro, garwashi uku a kai jawur. Ban ga fuska ba, murya kawai na ji ta ce, "Karɓi, 'yar nan, kafin ya ƙone ni." Ko gaisuwar mutuwa ba ta yi mini a lokacin ba, sai da hantsi ya yi ta zagayo ta ƙofa ta yi ta yadda ya kamata. Wannan ita ce Gwaggo Turai.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, haƙoranta sun rine da goro. Asalinta can wajen Doguwa ne, gindin duwatsu, aure ya kawo ta Kiru gidan wani mai haƙar rijiya da ake kira Mudi. Ta haifi huɗu, Allah ya karɓi abinsa tun suna ƙanana. Da Mudi ya rasu 'yan'uwanta suka zo tafiya da ita, ta ce ba za ta bar zogalen da ta dasa da hannunta awakin wasu su cinye ba, ta yi zamanta. Da rani daddawa take yi. Da damina kuwa, da yake ta wuce shekarun kulle, sai ta ɗauki ƙwarya ta nufi bayan gari tsinkar ganye, ta dawo ta yi kwaɗo da dambu, matan unguwa su aiko a saya. Ta san ranar da tafasa take da taushi da ranar da ta tsufa, ta san lalon bakin rafi ya fi na gona yauƙi. Abu biyu ne ba ta wasa da su, goro da abinci. Ita da bakinta take cewa cikinta aka fara halitta, sauran jikin daga baya aka liƙa.

Ni kuma damuwata a wannan shekara, wadda daga baya aka ce mini ita ce ta 1950, 'yata ce Bilkisu. 'Yar farina tana hannun kakarta a Ƙofa, garin ubansu, tun yaye, Bilkisu kaɗai ta rage mini, shekararta biyar. Yarinyar nan ba ta cin ganye. In ta hango kore a cikin ƙoƙo sai ta datse baki ta juya ƙeya. A gidan ubanta abin bai dame mu ba, don akwai hatsi, shi kuma marigayi yakan ce a ƙyale ta ta sha furarta. Amma a gidan Yaya rumbu ya yi ƙasa tun kafin shuka ta fito, kamar na kowa a unguwar. Wanda ya san damina ya san yadda ake yi, tsaki ɗan kaɗan, ganye mai yawa, a yi fate ko dambu a ci a gode wa Allah. To Bilkisu sai ta zauna tana tsince tsakin ɗaya-ɗaya daga cikin zogale kamar kaza, abin da za ta samu bai cika tafin hannunta ba. Wuyanta ya yi tsawo, idanu suka fito, warwaron hannunta ya fara zamewa da kansa.

Na yi lallashi, na yi tsawa, rana ɗaya har na ɗauki tsumagiya, Allah ya yafe mini. Yaya ya yi mata rubutu, ta shanye tas ta lashe baki, aka kawo kwaɗo ta juya ƙeya.

Saura kwana shida a kama azumi ƙanin ubanta Inuwa ya zo daga Ƙofa duba mu. Mutumin kirki ne, ba shi da hayaniya. Na durƙusa daga bakin zaure muka gaisa, ya kira Bilkisu ya ɗora ta a cinya, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya wajen Yaya.

"Malam, wannan amanar ɗan'uwana ce. Na bar ta wajen uwarta don tausayi, amma ka ga yadda ta koma."

"Ba hana ta ake yi ba," in ji Yaya. "Ita ce ba ta ci."

"Na sani, ban zargi kowa ba. Zan dawo bayan Babbar Sallah. In na same ta haka zan tafi da ita wajen kakarta, can akwai saniya, akwai nono. Asabe, kin ji, kada ki ce na yi miki ba-zata."

Na ce na ji. Me zan ce? 'Yarsu ce, kuma gaskiya ya faɗa.

Na shiga ciki na zauna bayan ɗaki, inda nake zaton ba mai ganina. Sai muryar Gwaggo ta ratso danga.

"In kin gama kukan, ki kawo mini ita ranar da aka kama azumi, da la'asar."

"Gwaggo, ba za ta ci ba. Babu abin da ban yi ba."

"Wa ya ce miki abinci zan ba ta? Aiki zan sa ta. Ke dai ki riƙe mini abu biyu. Kada ki ƙara ce mata ci, in kuma kin ga tana ci kada ki kalle ta."

Ranar farko ta azumi na kai ta, na zauna gefe ina taya Gwaggo tsinkar zogale. Ta riga ta dafa tafasa ta matse a babbar ƙwarya, ga dakakken ƙuli-ƙuli, ga gishiri a ɗan ƙoƙo, ga yaji da man gyaɗa. Ita kuwa ta zabga tagumi kamar an yi mata sata.

"Ƙawata, na shiga uku," ta ce da Bilkisu. "Ga kwaɗon buɗa-baki, ni ina azumi, uwarki tana azumi, Malam yana azumi. Duk kusa babu mai harshen da zai gaya mini ko gishiri ya ji. In na kai wa mutane lami, sunana ya ɓaci a garin nan."

Bilkisu ta leƙa ƙwaryar ta yamutsa fuska. "Ni ba na cin ganye."

"Wa ya ce ki ci? Ai na mutane ne, ko roƙona kika yi ba zan ba ki ba. Harshe kawai za ki ɗora."

Kowa ya san mace mai azumi in tana girki takan kira yaro ya ɗanɗana mata gishiri. Ni ma an sa ni ina ƙarama. Abin da ban taɓa gani ba shi ne yadda Gwaggo ta ja abin. Ko ƙwayar gishiri ba ta sa ba da farko. Bilkisu ta ɗauki ɗan mitsitsi ta taɓa a harshe ta tofar, ta ce babu. Gwaggo ta barbaɗa ɗan abin da yatsu biyu suka kamo, ta juya, ta miƙa. "Yanzu fa?" Babu. Ta ƙara. A karo na huɗu ta ce, "Anya, ƙawata? Gishirin ganye ba a jin sa a lasa, a ciki yake ɓuya, sai an tauna." Sai da aka yi bakwai kafin gishiri ya ji, sannan aka koma kan ƙuli-ƙuli, shi ma kaɗan-kaɗan, sannan mai. Kaina yana ƙasa ina tsinka, amma da wutsiyar ido na ga abin da ya shiga cikin yarinyar nan ya fi wanda ta ci jiya tun safe har dare.

Kwana uku ana haka Yaya ya ji labari. Da yake malami ba ya iya ganin mas'ala ya wuce, sai ya tsaya jikin danga ya yi sallama, Bilkisu na tsaye da ganye a hannu.

"Gwaggo, ai a littafi ɗanɗanon gishiri ba ya karya azumi in an tofar. Makaruhi ne kawai."

Na ga yarinyar ta ɗaga kai tana saurare.

"Makaruhi ka ce, Malam? Ni tsohuwa da ƙafa ɗaya a kabari za ka tura ga makaruhi? Koma zaure, Allah ya ƙara sani."

Yaya ya juya yana dariya ƙasa-ƙasa, bai sake sa baki ba.

Wajen kwana na goma Bilkisu ta gane cewa maganarta ce ake bi, sai shaiɗancin yara ya motsa. Ranar kwaɗon zogale ne. Gishiri ya ji tun tuni, amma ta ce babu. Gwaggo ta ƙara. Ta sake cewa babu, tana danne dariya a kumatu. Na buɗe baki zan yi magana, Gwaggo ta take mini ɗan yatsan ƙafa. Haka ta yi ta zubawa har ƙoƙon gishirin ya kusa komawa wayam, sannan yarinyar ta ce ya yi.

Da rana ta faɗi Gwaggo ta ɗauko ƙwaryar ta shigo gidanmu, ta ɗiba wa Yaya aka kai zaure, ta zauna a tabarma. Muka sha kunun tsamiya, muka sa hannu. Loma ɗaya na kai na ji kamar na lashi kanwa. Daga zaure muna jin Yaya yana tari yana neman ruwa. Gwaggo kuwa ci take yi a natse, idanunta na ƙwalla, ta kai loma ta kora da ruwa, ta sake kaiwa.

"Gwaggo, wannan ai ba zai ciwu ba," na ce.

"Mai ɗanɗano ta ce ya yi, to ya yi. Ni ina da ta cewa?"

Bilkisu tana tsaye jikin ɗaki tana kallon tsohuwar da ta yini ba ci ba sha. Dariyar ta gudu. Can ta matso ta riƙe bakin ƙwaryar.

"Gwaggo, ki bari. Ƙarya na yi."

"Abinci ba a zubarwa, ƙawata. Gobe dai ki taimake ni."

Ta cinye rabonta tas. Babu wanda ya daki yarinyar, babu wanda ya yi mata faɗa.

Daga ranar aikin ya zama aiki. Sai ta wanke hannu, ta ɗebo da yatsu uku, ta rufe ido ta tauna ta haɗiye, ta ce a dakata ta ƙara ji don kada ta yi kuskure. Ta fara ba da umarni, a ƙara yaji, a rage ruwa. Kafin goman ƙarshe ta ɗanɗana dambu, ta ɗanɗana faten yakuwa. A gida nakan zuba mata nata in ajiye in ba ta baya, in ji tana cewa ita fa ba ta cin ganye, ji kawai za ta yi ko na iya. Haka za ta yi ta ji har ƙoƙo ya koma fes. Rashin kallon nan shi ya fi ba ni wuya. Sau da yawa nakan ɗauki tsintsiya in shiga sharar inda na riga na share, don kawai idona ya sami wurin zuwa.

Ranar Ƙaramar Sallah Bilkisu ta shiga wajen Gwaggo da lallenta ta ce, "Yau kya ɗanɗana abinki." Washegari Gwaggo ta tashi da Sitta Shawwal. Da shidan suka ƙare, ga sauran wata biyu kafin Inuwa ya dawo, ga sababbin kayan damina suna ta fitowa waɗanda yarinyar ba ta taɓa sawa a baki ba, sai na je na raɗa mata abin da har yau nake jin kunyarsa.

"Gwaggo, ki ce mata kawai kina azumi mana. Ina za ta sani?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "In yi wa yarinya ƙarya, kuma da sunan ibada? Yaro in ya kama ka sau ɗaya, ko ruwa ka miƙa masa sai ya shinshina. Litinin da Alhamis dai sunna ce, da ma na daɗe ina cewa zan fara."

Ta kuwa fara, kuma da gaske. Ni na san abin da ya ci mata. Da azahar sai ta kwance ɗan tsumman da take jiƙa goronta a ciki, ta dube shi, ta yi ajiyar zuciya, ta ɗaure. In ana suyar gyaɗa a maƙwabta sai ta ɗauki tabarmarta ta koma can ƙarshen gida wajen awaki. Duk wani sabon abu kuwa sai ta ajiye shi sai ranar azuminta. Rama ta shigo ranar Litinin, ɗanyar kuɓewa ranar Alhamis, lalo da alayyafo suka biyo baya. Gauta ne kaɗai ya gagara. Bilkisu ta gatsa ta furzar ta ce ɗaci. Gwaggo ta ce, "Gaskiyarki, ni ma sai da na yi aure na fara cin sa," ta jefa wa akuya sauran, ba ta sake kawo shi ba.

Magana ba ta ɓuya a unguwa. Iyaye mata suka fara turo nasu masu zaɓen abinci, wai su ma su taya Gwaggo. Kafin marka ta wuce yara shida ne ke jeruwa gaban ƙwaryarta, Bilkisu a gaba tana duba hannun kowa ko ya wanke. Wannan ya ce ya ji, wancan ya ce da saura, a yi ta musu ana ƙara ɗiba don a raba gardama. Kwaɗon da take yi don sayarwa rabinsa a bakin masu ɗanɗano yake ƙarewa. Na yi mata maganar, ta ce ganye dai a daji yake, ba wanda ya sa masa ƙofa.

Kwana huɗu bayan Babbar Sallah, ranar Laraba da hantsi, Inuwa ya iso. Ta kafar zana na hango jakinsa da akumari, an ninke sabon zane an shimfiɗa a kai, irin yadda ake yi in za a ɗora yaro. Na leƙa wajen Gwaggo na tambaye ta me zan dafa.

"Abin da kike dafawa kullum. Kada ki yanka masa kaza, ba kaza ya zo gani ba."

Sabon gero ya shigo, sai na tuƙa tuwo na yi miyar taushe, kabewa da yakuwa da gyaɗa. Na ɗora wa Bilkisu miyar, ni na ɗauki tuwon, na durƙusa daga bakin zaure na tura akushin ciki. Inuwa ya wanke hannu ya yi bismillah. Sai na ji muryar 'yata.

"Baffa, dakata. Kada ka ci tukuna."

Ta ɗaga faifan da ke kan miyar, ta sa yatsu uku ta ɗebo kabewa da ganye, ta kai baki ta rufe ido. Yarinya ta riga baƙo sa hannu a abincinsa, baƙon ma ƙanin ubanta, a gaban malami. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya ya yi gyaran murya, amma ina, tana can tana tauna.

"Gishiri ya ji," ta ce bayan ta haɗiye. "Yakuwa ta ɗan yi yawa, amma za ta ciwu."

Inuwa ya saki baki yana kallonta. "Ke kuma wa ya naɗa ki?"

"Gwaggo. Ba ta iya komai sai da ni."

Dariya ta kama shi har sai da ya dafe hularsa. Da ya lafa ya ce, "To zauna ki ƙara dubawa, kada a cuce ni a garin mutane."

Ta zauna suka ci akushi ɗaya. A nan na lura da wani abu da ban faɗa wa kowa ba sai yau. Shi kansa Inuwa da gefen yatsa yake ture ganyen yana turawa ɓangarenta, yana lakato romon kawai, ita kuwa tana kwashewa. Ashe abin na gida ne.

Da suka gama ya miƙe ya ɗaga ta sama da hannu biyu, ya ɗan jijjiga ta kamar mai auna damin dawa, ya sauke. Ya duba wuyanta, ya duba kumatunta.

"Malam, a bar ta nan," ya ce. "Kakarta za ta yi mini faɗa, na ɗauka."

Ya sauke zanen daga kan jaki ya ba ta ya ce goron Sallarta ne. Shi ya hau jakin ya koma Ƙofa, da kabewa biyu da Gwaggo ta aiko a kai wa kakar.

Gwaggo Turai ta ƙara shekara takwas a duniya. Yaran da suka bi ta gaban ƙwaryarta ban san adadinsu ba. Wasu sun zama magidanta, wasu suna aure a Ƙafin Maiyaki da Tudun Wada, kuma har yau in biyu daga cikinsu suka haɗu wajen biki sai ka ji suna musu kan gishirin miyar mutane. Allah ya jiƙanta, ya sa azuminta ya tsaya mata.

A ranar da Inuwa ya tafi, da la'asar na zagaya gidanta don in yi godiya. Na same ta ta miƙe ƙafa tana gaigayar gasasshiyar masara, ga wata a wuta. Na durƙusa a gabanta.

"Tashi, tashi, kada ki sa masarata ta huce," ta ce.

Na share ido na ce, "To yanzu ai sai ki huta da azumin nan, Gwaggo. Buƙata ta biya."

"Taki ta biya. Sauran biyar ɗin fa? Akwai biyu da har yanzu tofarwa suke yi, uwayensu kuma sun sa mini ido." Ta juya masarar da ke wuta, ta rage murya kamar wani zai ji. "Abu ɗaya zan roƙe ki, Asabe, kada ki ce a'a. Ƙafafuna sun fara rawa da la'asar, kwana biyu a mako ya fi ƙarfin tsohuwa. Mu raba. Ki ɗauki Alhamis, in riƙa turo miki su da ƙwaryar, ki bar mini Litinin. Kuma ki kwana da niyya, don gobe Alhamis ce."